Yadda Ake Nema wa Tsoho ko Tsohuwa Bizar Dogon Zama Wajen Ɗansu a Ƙasar Waje

Tambayar nan ta yi ta dawowa daga Agege, daga Idi-Araba, daga Alaba Rago. Yaro ya samu aiki a waje, ya zauna da gindinsa, yanzu yana son ɗauko mahaifiyarsa ko mahaifinsa su je su daɗe a wajensa. Wace biza ake nema, daga ina ake farawa, nawa ake kashewa? Ga yadda aikin yake tafiya daki-daki, ga wanda tsohonsa ke zaune a Legas ko zai sauko daga Arewa a yi masa takardu a nan. Yawancin kuɗin da na ambata na haɗa shi da shekararsa, domin kusan duk shekara sai an ƙara.

1. Fara da takardar da ke hannun mai gayyata

Kafin a ɗauko fasfon Hajiya daga ƙasan akwati, a fara duba naka. Matsayinka a ƙasar da kake shi ne ke zaɓa maka biza: ɗan ƙasa ne kai, ko mai izinin zama na dindindin, ko mai bizar aiki da ke da wa'adi? Kowanne da hukuncinsa. Nas ko injiniyan da ke Ingila da bizar aiki, matarsa da 'ya'yansa 'yan ƙasa da shekara 18 kaɗai zai iya ɗauka a kan bizarsa, komai kaurin albashinsa. Mai katin zama na dindindin a Amurka ba shi da ikon nema wa iyayensa zama sai ya zama ɗan ƙasa. Mutane da yawa suna kashe kuɗi wajen ejan kafin su gano wannan.

A wannan matakin ne kuma ya kamata ka tambayi mai tafiyar. Tsohuwar da ta saba da zaman gidan yawa a Zangon Agege, maƙwabta na shigowa, yau suna gobe biki, ba lallai ta ji daɗin zama ita kaɗai a bene na bakwai ba, kai kana aiki, matarka tana aiki, waje kuma ƙanƙara. Da yawansu kunya ba za ta bar su su ce maka a'a ba. A ganina, a fara da ziyarar wata biyu ko uku. Idan ta je ta dawo a kan lokaci, ka san ra'ayinta na gaskiya, kuma fasfonta ya samu tarihin da zai taimaka a nema na gaba.

2. Zaɓi hanyar da ƙasarka ta buɗe

*Kanada.* Ita ce ke da bizar da aka yi musamman don wannan buƙata, ana kiran ta Super Visa. Tana iya kaiwa shekara 10 ana shiga ana fita, kuma tun Yulin 2022 tsoho yana iya zama har shekara 5 a shiga ɗaya. Mai gayyata dole ya zama ɗa ko jika, ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin, kuma abin da yake samu a shekara ya kai ma'aunin da hukumar shige da ficen Kanada, IRCC, ke fitarwa bisa yawan mutanen gidansa, a lissafa har da tsohon da zai zo. Sai inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000 mai aiki na shekara guda, da gwajin lafiya. Mai izinin aiki ko ɗalibi ba ya cikin wannan. Shi sai bizar ziyara ta yau da kullum, wadda galibi ke ba da wata 6, ana kuma iya neman ƙari daga ciki kafin wa'adin ya cika. Akwai shirin ɗaukar nauyin iyaye su zama mazauna na dindindin, amma ta ƙuri'a ake zaɓe, kuma za ka sa hannu kan ɗaukar nauyinsu na shekara 20. Kada ka zauna jiran sa.

*Ingila.* A nan mutane suka fi ruɗewa. Akwai bizar ziyara ta wata 6, da ta shekara 2, 5 da 10, amma ko ta shekara 10 aka buga, kowace shiga ba ta wuce wata 6 ba. Kuma doka ta hana mutum ya mayar da Ingila gidansa ta hanyar ziyara a jere: Baba ya yi wata shida, ya dawo Legas mako biyu, ya koma. Jami'in filin jirgi yana iya juyo shi. Hanyar zama ta gaskiya ita ce wadda suke kira Adult Dependent Relative, kuma tun 2012 aka ƙuntata ta ƙwarai. Sai an nuna cewa tsohon ba ya iya wanka, sa tufafi ko girki da kansa saboda tsufa ko rashin lafiya, sannan a nuna cewa ko da kuɗinka ba za a samu mai kula da shi a Najeriya ba. Sharaɗi na biyun ne ke kayar da yawancin mutanenmu, domin jami'i zai ce fam ɗin da kake turowa ya isa a ɗauki mai jinya, ga kuma ƙannenka a gida. Kuɗin neman ya haura fam 3,000, kuma ba a mayarwa. In Hajiya tana tafiya da ƙafarta, tana zuwa kasuwa, kada ka fara.

*Saudiyya.* Igamar iyali, wato izinin zama, ta mata da 'ya'ya ce. Iyaye galibi da bizar ziyarar iyali suke shiga. Kai mai igama ne za ka cike buƙatar a shafin ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya, wurin aikinka ya tabbatar, lambar biza ta fito, sannan tsoho ya je cibiyar bizar Saudiyya ta Tasheer a nan Najeriya a ɗauki yatsunsa. Ana sabunta ta daga ciki ta manhajar Absher muddin inshora tana aiki. Ana yin Umara da ita.

Hattara: ba a yin Hajji da ita. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai bizar ziyara da ya shiga Makka a kwanakin Hajji ba izini, da kora da haramcin shekara 10, shi kuma wanda ya nema masa bizar tararsa tana iya kaiwa riyal 100,000. Duk yadda tsohuwa ta roƙe ka da "ai ga ni ga Ɗaki", ka ba ta haƙuri.

*Dubai.* Ana ba iyaye izinin zama na shekara guda da ake sabuntawa, a ƙarƙashin ɗansu. Suna duba albashi, da takardar hayar gida mai rajista, da inshora, kuma ana ajiye kuɗin jingina. A ƙa'ida uwa da uba tare ake ɗauka. In ɗaya za ka ɗauka, sai ka kawo takardar rasuwa ko ta rabuwar aure. Mai bizar zinare, wato izinin dogon zama da suke kira Golden Visa, yana iya sama wa iyayensa mai tsawo irin tasa.

*Amurka.* Ɗan ƙasa mai shekara 21 zuwa sama yana cike fom I-130 ya nema wa iyayensa zama, kuma ganawar a ƙaramin ofishin jakadanci da ke Walter Carrington Crescent a Victoria Island ake yin ta. Amma ƙofar ta ƙuntata: a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyarar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wata 3, sannan daga 1 ga Janairun 2026 Najeriya ta shiga jerin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ziyara da ta zama. Kada a biya ko sisi kafin a karanta sanarwar ofishin jakadancin ta wannan makon.

*Jamus, Faransa da maƙwabtansu.* Kwana 90 cikin kowane kwana 180, da inshorar yuro 30,000. Dogon zama na iyaye sai da larura mai tsanani.

3. Daidaita suna da ranar haihuwa

Wannan matakin ya fi kowanne cin lokaci, kuma shi aka fi tsallakewa. A shimfiɗa takardun tsoho gaba ɗaya a wuri guda: takardar NIN, tsohon fasfon da aka yi Hajji da shi, bayanan BVN, katin zaɓe, takardar fansho in akwai. A ajiye takardar haihuwarka da fasfonka kusa da su. A ɗauki biro a rubuta abin da kowace ta ce.

Abin da aka saba gani kenan: a NIN an rubuta Hauwa'u, a fasfo Hauwa, a banki Hawa. A wani wuri Muhammad, a wani Mohammed. Mai rajistar da ya zo unguwa ya dubi fuskarta ya sa mata 1 ga Janairu da shekarar da ya ga dama, alhali fasfon Hajji ya ba ta wata shekarar mai tazarar biyar. A takardar haihuwarka an rubuta sunanta da na mahaifinta, a fasfonta kuma da na mijinta. Wani har an sa masa Alhaji a gurbin sunan farko. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba fayil a kwamfuta mutum uku yake gani.

Tsarin gyaran shi ne NIN tukuna, domin hukumar shige da fice daga can take ɗaukar bayanan fasfo. Ana gyara ta shafin gyaran bayanai na NIMC, hukumar da ke bayar da NIN. Wanda aka haifa kafin 1992 kuma ba shi da takardar haihuwa, sai ya yi takardar rantsuwar shekaru a babbar kotu, ya kai wa hukumar ƙidaya ta ƙasa ta ba shi takardar shaidar haihuwa. Bambancin suna kuma, takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida.

Hattara: in tsoho ya taɓa neman biza aka ɗauki yatsunsa, ko da an hana shi, ranar haihuwar da ya bayar a lokacin tana nan a ajiye. A daidaita sauran takardu da ita, ko a rubuta bayanin dalilin canji. Haka nan ka nemo kwafin fom ɗin da kai ka cike lokacin da za ka tafi. Abin da ka rubuta a kan iyayenka a wancan lokacin za su kwatanta da na yanzu.

4. Fasfo

Daga 1 ga Satumban 2025, mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma 200,000. Ana cikewa a biya ta shafin hukumar shige da fice, a zaɓi ofishi: Ikoyi, Alausa, Festac ko Alimosho. Zaɓi wanda ya fi kusa da gida, don za a je ɗaukar hoto kuma a koma karɓa.

Ka daure ka yi na shekara 10. Kanada ba ta buga bizar da ta wuce ranar ƙarewar fasfo, don haka fasfon da ya rage wa shekara biyu zai mayar da bizar shekara goma ta shekara biyu. Tsohon fasfo kuma kada a yar. Tambarin Jidda da Madina da ke ciki shaida ce cewa mutum ya fita ya dawo.

5. Hujjar cewa ita ta haife ka

Takardar haihuwarka mai ɗauke da sunan iyaye ita ce ginshiƙi. A ƙara da abin da ya samu: takardar makaranta mai sunan uba, hotunan biki, rasit ɗin kuɗin da kake turowa.

Ga wani wuri da al'adarmu da dokarsu ba su haɗu ba. Da yawanmu riƙo aka yi mu. Goggo ko kishiyar uwa ta ɗauke ka tun yaye, ita kake kira Inna, ita ka sani. A wajen Allah da mutane uwa ce, amma bizar iyaye ta wadda ta haifa ce ko wadda ta ɗauki riƙo ta hannun kotu. Kada ka rubuta ta a matsayin mahaifiya. Amurka da Kanada sukan nemi gwajin jini na DNA in sun yi shakka, kuma ƙarya a fom tana jawo haramcin shekara 5 a Kanada, har shekara 10 a Ingila. Nema mata bizar ziyara, ka yi bayanin riƙon yadda yake. In an nemi gwajin, ta hanyar da ofishin ya tsara ake yi. Wanda ka yi da kanka a ɗakin gwaji na unguwa ba ya karɓuwa.

Ga Dubai, sau da yawa har da Saudiyya, takardar haihuwar sai ta bi ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja an buga mata hatimi, sannan ofishin jakadancin ƙasar ya buga nasa. A ware wa wannan makonni. Bizar zama ta dindindin kan nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda, wadda ake nema ta shafinsu na POSSAP, a Legas kuma Alagbon ake zuwa.

6. Kuɗi da wasiƙar gayyata

Daga ɓangarenka: wasiƙar wurin aiki, takardun albashi, bayanan asusun banki na wata 6, takardar haya ko ta mallakar gida, kwafin fasfo da izinin zama. Na Kanada ya haɗa da takardar harajin shekara.

Daga ɓangaren tsoho, abin da ake son gani a bizar ziyara shi ne abin da zai dawo da shi: gida, rumfa a Mile 12, kuɗin haya da yake karɓa, fansho, mata ko miji da ke gida, marayun da yake riƙo. Yawancin tsofaffinmu dukiyarsu tana cikin kaya da adashi da dabbobi, asusun banki kuwa ba komai. Ba laifi ba ne. A rubuta cewa kai za ka ɗauki nauyin tafiya duka, a nuna ƙaramin asusun yadda yake.

Hattara: kada a ranto miliyoyi daga wajen ɗan canji a zuba a asusun Hajiya mako biyu kafin a nema. Asusun da ya shekara yana juya dubu hamsin, rana ɗaya ya wayi gari da miliyan takwas, shi ne abu na farko da suke rubutawa a takardar hanawa.

Wasiƙar gayyata shafi ɗaya ta isa: kai wane ne, mene ne dangantakarku, yaushe za ta zo, yaushe za ta koma, ina za ta kwana, wa zai biya. In jego ne ya sa ake kiran ta, a faɗa: ta zo ganin jikanta, ta tsaya wa 'yarta kwana arba'in ko wata biyu. Abin da ba a rubutawa shi ne "za ta riƙa rainon yara don mu samu mu koma aiki", domin ana iya ɗaukar sa a matsayin aikin raino, kuma mai ziyara ba ya aiki.

7. Gwajin lafiya, inshora da rigakafi

Ba kowane asibiti ake zuwa ba. Kowace ƙasa tana da jerin likitocin da ta amince da su, kuma a Legas cibiyar IOM, hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ke Ikeja GRA tana cikin waɗanda ake turawa. Ingila tana neman gwajin tarin fuka ga wanda zai wuce wata 6, kuma takardar wata 6 take aiki. Gwajin Kanada shekara guda yake aiki. A tafi da fasfo, tabarau, katin asibiti da dukkan magungunan da ake sha a cikin kwalayensu. In hoton ƙirji ya nuna tabo, abin da ke yawan faruwa ga wanda ya taɓa yin tari tun yana saurayi, za a ɗauki majina a jira kusan mako 8. Shi ya sa ba a barin wannan sai ƙarshe.

Kada a ɓoye hawan jini ko ciwon suga. Ba su ne ke hana bizar ziyara ba, amma ɓoye su yana rusa inshora. Yawancin kamfanoni ba sa biyan kuɗin ciwon da mutum ya zo da shi sai an bayyana shi kuma ya yi watanni a daidaice ba a canza magani ba. Karanta wannan sashe kafin ka biya, ko da mai arha ta fi jan ido. A Ingila mai ziyara ba ya cikin maganin kyauta na asibiti: ana cajin sa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin jinya, kuma bashin fam 500 zuwa sama da ba a biya ba yana iya hana shi biza nan gaba.

Katin rigakafin shawara, wato yalo kad, jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa, akwai su a filin jirgin Murtala Muhammed. Allurar sau ɗaya ce a rayuwa, don haka wanda ya yi ta lokacin Hajji ya nemo katinsa. Wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yi ba, ya ga likita tukuna, domin ta fi wahalar da tsofaffi. Kada a sayi kati a bakin titi.

8. Cike fom da biyan kuɗi

Kai da ke waje ne ya fi dacewa ka cike, tsoho yana kan waya kana tambayar sa. Ka buɗe imel ɗin da kai ke riƙe da mabuɗinsa, ka biya da katinka na can, ka ajiye kwafin komai. A 2025 bizar ziyarar Ingila ta wata 6 fam 127 ce, ta shekara 2 fam 475, ta shekara 5 fam 848, ta shekara 10 fam 1,059. Ta Kanada dala 100, da dala 85 na ɗaukar yatsu. Ta ƙasashen Shengen, wato su Jamus da Faransa, yuro 90. In an hana, ba a mayar da ko ɗaya. Saboda haka wanda bai taɓa shiga Ingila ba ya fara da ta wata 6.

Tambayoyi biyu ake yawan yi wa ƙarya ba da niyya ba. Ta farko, "an taɓa hana ka biza?" Baba ya manta cewa shekaru da suka wuce wani ejan ya nema masa ta wata ƙasa aka ƙi. Tone shi da tambaya. Ta biyu, jerin 'ya'ya da mata. A rubuta kowa, har 'yan ɗakin amarya.

Hattara da ejan da ya ce yana da "hanya a ciki", ko ya ce zai haɗa takardar banki ko ta fili. Sunan tsoho ne a kan fom, shi za a haramta wa, ejan kuma ya canza lambar waya. In dole sai an nemi taimako, a karanta kowane shafi kafin a tura.

9. Ranar ɗaukar yatsu

Na Ingila da na Kanada a cibiyoyin VFS Global, kamfanin da ke karɓar musu takardun biza, ake yi. Akwai su a Abuja ma, don haka tsohon da ke Kano ko Zariya ba sai an wahalar da shi da hanyar Legas ba.

A faɗa wa Hajiya tun da wuri ta dakata da lalle. Yatsun da suka sha jan lalle ko baƙi na'ura takan ƙi karanta su, a ce a dawo bayan ya goge, kuma lalle ba ya gogewa a kwana uku. In akwai bikin jika a gaba, a sa ranar kafin bikin. Yatsa mai yanka ma haka. Hijabi ba matsala, muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa.

Wanda zai taso daga Agege zuwa Victoria Island ya fita bayan sallar asuba, ko da ƙarfe goma aka ba shi, domin gadar Third Mainland ba ta da alƙawari. Mai ciwon suga ya karya kumallo, a riƙe ruwa da magani. A nemi izinin ɗan rakiya tun wajen ɗaukar rana in tsoho ba ya jin Turanci ko yana buƙatar a riƙe shi. Inda ake karɓe fasfo a riƙe har hukunci ya fito, kada a shirya Umara a makonnin nan. Ta ziyarar Ingila takan ɗauki kamar mako 3, Super Visa kuwa watanni. Kada a yanki tikiti sai biza ta fito.

10. In an hana

A karanta takardar hanawar layi-layi. Bizar ziyarar Ingila ba ta da ɗaukaka ƙara a mafi yawan lokuta, sai dai a sake nema. A gyara ainihin abin da suka ambata, a kawo takardar da ke amsa shi. Sake tura fayil ɗin jiya da sabon kuɗi hanawa ta biyu kawai yake jawowa.

11. Tafiya

A nemi keken turawa wajen kamfanin jirgi aƙalla kwana biyu kafin tashi, ko da tsoho yana tafiya da ƙafarsa. Kyauta ne, kuma mai tura keken shi zai bi da shi ta shige da fice har ƙofar jirgi. Landan akwai jirgi kai tsaye daga Legas, kusan awa shida da rabi. Kanada babu, sai an ya da zango, don haka a zaɓi zango ɗaya kuma a duba ko yana buƙatar biza.

A jakar hannu: magani da takardar likita, kwafin wasiƙar gayyata, takardar inshora, tikitin dawowa, da takarda mai manyan haruffa ɗauke da adireshinka da lambar wayarka. Magungunan da ke da tiramadol ko kodin suna jawo kamu a Dubai da Saudiyya in ba takarda. Goro haramun ne shiga da shi Saudiyya. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Ingila, Kanada ko Amurka. Kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa a bayyana su in an tambaya. A ja wa tsohuwa kunne sosai: ko 'yar unguwarsu ce ta ce "Hajiya, don Allah ga ɗan saƙo ki miƙa wa ɗana", kada ta karɓi abin da ba a buɗe a gabanta ba.

12. Bayan an sauka, a fara ƙirga kwanaki

Ranar da ta isa, ɗauki hoton tambarin shiga, ka sa ranar fita a wayarka da tunatarwa wata guda kafin nan. A Saudiyya daga ranar shiga ake ƙirga kwanakin zama, kuma a sabunta a Absher kafin su cika, ba ranar ƙarshe ba. Wuce wa'adi tara ce da kora, kuma igamarka ma tana shiga matsala. A Dubai akwai kwana 60 daga shiga don a gama gwajin lafiya da katin shaida na Emirates ID, kuma wanda ya zauna wajen ƙasar fiye da wata 6 a jere izininsa yana mutuwa. A Kanada inshora dole ta kasance tana aiki a kowace shiga, don haka a sabunta ta kafin shekara ta zagayo. A Ingila, in ka rubuta wata biyu a fom, ta koma kusa da wata biyun. Zaman wata shida cif bayan an ce biyu ba karya doka ba ne, amma za su tambaya a nema na gaba.

A gida kuma a bar wanda zai riƙa sa kati a layin wayarta don kada a rufe shi, tunda shi ke haɗe da banki da NIN. Mai karɓar fansho ya tambayi hukumarsa yadda ake tantancewa daga waje kafin ya tashi, don kada a dakatar da biyan sa yana can.